Ranar da Aka Ce Matata Gagara-Hankali Ce

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa bai yi shawara da kowa ba, ya ɗaga sama babu ginshiƙi, ya halicci mai hankali, ya halicci wanda ba shi da shi, sannan ya haɗa su aure. Ya ku masu sauraro, ku gyara zama. Ni ne Cindo ɗan Bagudu, mutumin Tungar Marke, wanda ya yi shekara goma sha tara yana yawo a bayan ƙasa yana neman abin da hankali ba ya kamawa. Wannan kuwa shi ne labarin yadda bakina ya kusa kashe matata Tasalla da ƙishirwa a birnin Zarnakau.

An haife ni da yatsu shida a kowane hannu. Ungozomar da ta karɓe ni ta duba, ta ce, "Wannan yaro ba haka kawai ba." Maganar nan ita ta lalata ni. Da ita na girma, saboda ita na ƙi noma, na ƙi saƙa, na ƙi duk wata sana'a da mai yatsu biyar zai iya. Wata rana wani malami matafiyi ya sauka a garinmu, na ji yana cewa a duniya akwai abin da ake kira gagara-hankali: abin da ke faruwa ba da iska ba, ba da ruwa ba, ba da hannun ɗan Adam ba, abin da in ka bi sawunsa ba za ka tarar da dalili irin na duniya ba. Nan take na san aikin da aka halicce ni dominsa. Na shiga gida na ce wa Tasalla, wadda a lokacin shekararmu biyu da aure, ni na tafi neman gagara-hankali, ban san ranar dawowa ba.

Ta dube ni, ta dubi ƙafafuna, ta ce, "To, Malam. Bari in ɗauko tukunya."

Farkon abin da muka gani shi ne dutse mai tafiya. Dutse ne babba, da itatuwansa da birinsa, yana jan jiki yana nufar kudu. Na faɗi ƙasa ina kabbara, ina cewa ga shi tun ba a je ko'ina ba. Sai wani makiyayi da ke zaune a kafaɗar dutsen ya leƙo ya ce, "Bawan Allah, matsa kada ya taka ka. Damina yake bi, ciyawar kansa ce ta bushe." Dalili ke nan. Tasalla ta ce in tashi, rigata tana kwasar ƙura.

Muka ƙetare Tekun Toka a bayan wani kwaɗo da ya fi rumbu girma. Muka shiga wata ƙasa inda ake tuɓe inuwa a ƙofar gida kamar takalmi, wai tana ɓata daɓe. A can aka yi mini musanya, shi ya sa inuwar da kuke gani a bayana yanzu ta wata mai sayar da daddawa ce, kuma har yau in muka wuce kasuwa sai ta ja baya. A ƙasar Masu Kunne kuwa, mutanen da ke shimfiɗa kunne ɗaya su lulluɓa da ɗaya, kama mu aka yi, domin su baƙo abincin kunnensu ne, ba ya fita sai ya mutu yana ba su labari. Na fara ba su tarihin kaina tun daga ungozoma. A rana ta huɗu da kansu suka buɗe mana ƙofa, har da rakiya.

Ko'ina haka. In na ga abin da ya tsayar mini da numfashi, sai wani ɗan gari ya zo yana sakace ya gaya mini dalilinsa. Raina ya yi ta ɓaci. Abin da ya hana ni komawa gida shi ne wasu alamomi uku da na gani a jikina. Na ɗaya, takalmina. Ƙafa ɗaya na fito da shi daga Tungar Marke, na taka duwatsu da ƙaya da gishiri, bai taɓa tsinkewa ya kwana a tsinke ba. Na biyu, gorata. In na shanye ta na kwanta ƙailula, sai in farka in same ta cike. Na uku, jakata, wadda ba a taɓa rasa ɗan curin fura ko ƙuli a cikinta ba, ko da a jejin da tsuntsu ba ya sauka. Kullum in na tashi daga barcin rana sai in ɗaga su in ce, "Tasalla, kin gani?"

Takan ce, "Na gani, Malam. Allah ya ƙara."

A shekara ta goma sha tara muka iso Zarnakau da hantsi. Muna shiga muka ga gidajen garin a jere suna gangarowa daga tudu, kowanne a kan ƙafafu huɗu na laka, da mutanensu a ciki suna karin kumallo. Suka je bakin kogi, suka sunkuyar da zaurukansu suka sha, suka juyo. Ban ma wahalar da gwiwata ba. Na tambayi wata tsohuwa da ke tsaye da tsintsiya, ta ce, "Ƙishirwa suke ji mana. Kai ba ka ji?"

Sunan tsohuwar Duduwa. Ita ce ta lura ina kallon wani farin ƙyalle da aka shimfiɗa a tsakiyar hanyar kasuwa, mutane suna zuwa suna durƙusa masa. Muna tsaye wani mai ɗauke da tulu ya taka shi, ya ɓace har wuya.

Duduwa ta ce, "Rami ne. Gagara-hankali ne."

Na matso kusa da ita. Shekara goma sha tara ban ji kalmar nan a bakin kowa ba sai nawa.

Ta bayyana mini yadda abin yake a garinsu. Suna da wani zaure da ake kira Zauren Tukunya, inda dattawa uku ke zama, babbansu Sarkin Tukunya. Duk abin da ya ɗaure wa mutane kai, can ake kai shi. A ɗora tukunyar ruwa a wuta. In an sami wanda ya faɗi dalilin abin kafin ruwan ya tafasa, sai a ce na al'ada ne, kowa ya kama gabansa. In ruwa ya tafasa ba a samu ba, sai Sarkin Tukunya ya buga ludayinsa ya ce gagara-hankali ne. Daga ranar babu mai taɓa shi, babu mai gyara shi, babu mai sake tambaya a kansa.

"Ramin nan," in ji ta, "an rasa wanda zai ce shi ya haƙa. Shekara talatin ke nan. Haramun ne a cike shi."

Na duba gari, sai na ga farin ƙyalle ko'ina. Ga shi a kan gadar da ta karye. Ga shi a kan wata rijiya da guga ya faɗa. Har warin da ke tashi a bayan mahauta an kafa masa sanduna huɗu an lulluɓe shi. Tasalla ta ce a hankali, "Malam, mutanen nan duk abin da suke ƙyuyar gyarawa ne suke sa wa sunan nan." Na ce ta yi shiru, ba ta san ilimi ba.

Duduwa ta ci gaba da cewa abin da ke ɗaukuwa kuwa ana kai shi Gidan Gagara, wanda ita ce mai gadinsa, a ɗora shi a kan karaga, makaɗa su yi masa kiɗa, manya da yara su zo su durƙusa. Ta ƙara wata magana bayan wannan, amma ban ji ba. Tun daga karaga da makaɗa na riga na nufi Zauren Tukunya, Tasalla tana bina da kaya.

Sarkin Tukunya gajere ne, mai ƙaton rawani, da ludayin baƙin ƙarfe a hannunsa maimakon sanda. Na zube na yi gaisuwa, na ajiye takalmi da gora da jaka a gabansa, na ce, "Ranka ya daɗe, ga mutumin da kuke jira. Takalmina ba ya tsufa, gorata ba ta ƙafewa, jakata ba ta yunwa. A ɗora tukunya."

Ya ce, "Sannu, baƙo. A nan ba a ɗora tukunya sai shaida ta yi wa abu kallon yini guda." Ya sa Duduwa ta bi mu.

Ban taɓa barcin rana mai daɗin na ranar ba. Na kwanta a gindin wata tsamiya a bayan gari ina mafarkin karaga.

Washegari zaure ya cika. Duduwa ta tashi, ta jingina da tsintsiyarta, ta ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da idona ya gani. Mutumin nan ya ci, ya sha, ya yi gyatsa, ya kwanta. Da munsharinsa ya daidaita, matar ta zare takalminsa, ta kwance ƙunshinta, ta ɗauko basilla da zare, ta ɗinke inda ya ɓare. Ta ɗauki gora ta tafi kogi a tsakar rana ta cika ta dawo. Ta surfa wa wasu mata gero aka ba ta curin fura biyu. Ta gutsuri rabin ɗaya ta ci, ta sa ɗaya da rabi a jakarsa. Da ya farka ya ɗaga kayan ya ce ta gani, ta ce Allah ya ƙara."

Na fashe da dariya. Na juya don Tasalla ta taya ni, sai na ga tana kallon ƙasa tana wasa da bakin mayafinta. Na daina dariyar.

Sarkin Tukunya ya ce, "Takalmi, ɗinki. Gora, kogi. Jaka, hannu. Duk na al'ada ne, ko itace ba za mu ɓata ba. Tashi ka ba mu wuri."

Na fara tattara kayana da kunyata, sai dattijon da ke damansa, wani mai gemu har cibiya, ya ce, "Dakata. Kaya mun gane su. Ita fa?"

Duk ido ya koma kan Tasalla. Aka kawo itace, aka ɗora tukunya.

Sarkin Tukunya ya ce, "Baiwar Allah, shekara nawa kina wannan aiki?"

"Tun fitowarmu, ranka ya daɗe."

"Yana gode miki?"

"Ai bai sani ba."

"Tsoronsa kike ji?"

Ta ɗago ta dube ni daga rawani har ƙafa, ta rufe baki da mayafi. Kafaɗunta suna rawa. Wallahi wannan dariyar ta fi duk abin da ya same ni a ranar ciwo.

"To me ya sa kike yi?"

Ta ce, "To wa zai yi, ranka ya daɗe?"

Dattawa suka haɗa kai suka ce wannan ba dalili ba ne. Suka juyo kaina. "Kai mijinta ne. Faɗi dalili, ruwa ya fara kuka." Na buɗe baki. Ni da na yi kwana huɗu ina magana har Masu Kunne suka gaji, na nemi kalma ɗaya na rasa. Ina tsaye baki buɗe murfin tukunya ya fara rawa, tururi ya tashi, ludayi ya sauka a ƙasa.

"Gagara-hankali ce!"

Aka yi guɗa. Aka jefa mata farin ƙyalle, aka ɗora ta a kan karaga, ƙarti huɗu suka ɗauka. Suna wucewa ta gabana na ji muryarta daga cikin ƙyallen: "Malam, ƙunshina yana gindin tsamiya. Ka riƙa toshe gorar, ƙuda na shiga."

Zan gaya muku gaskiya ko da za ku tofa mini yawu. Abin da na fara ji ba tausayi ba ne, hassada ce. Ni na yi yawon, ni ke da yatsu shida, ita aka ɗora a karaga. Da wannan baƙin ciki na bi makaɗa har ƙofar Gidan Gagara, na ce wa Duduwa ta shiga ta gaya wa matata in ta gama shan sarauta ta fito, lokacin abinci ya yi.

Duduwa ta ce, "Kai dai kunnenka ado ne. Jiya ina gaya maka ka ruga. Wanda ya shiga nan ba ya fita. Kuma ba a ba shi ci, ba a ba shi sha. Abin da ya gagari hankali me zai yi da tuwo?"

Ta ja ni ciki. Ɗaki ne dogo, karagu a jere, kowace da farin ƙyallenta. Ta nuna mini ɗaya da tsintsiya. "Wannan akuya ce da ta ƙi cin amfanin gonar maƙwabta. Ta yi kwana biyar." Ta nuna wata. "Wannan wani wanzami ne da bai taɓa yin gulmar kowa ba." Ƙasusuwan yatsunsa ne kawai suka leƙo.

Na ce, "Mutum kwana nawa yake yi?"

"A wannan zafin? Uku."

A ranar na cika gora na nufi ƙofa, dogarai suka fasa mini kai da ludayi. Washegari da safe na ga duk gidajen gari sun tafi kogi ban da Gidan Gagara, domin shi ma an yanke cewa ba ya jin ƙishirwa. Na tsaya a gabansa ina yi masa fito kamar jaki, ina ɗiga ruwa a ƙasa, ina lallashinsa ya biyo ni, wai in ya sunkuya ruwa ya shiga ta zaure ya kai gare ta. Ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya tuna da hukunci, ya mayar.

Na koma Zauren Tukunya na ce na zo da dalili. Aka ɗora ruwa.

Na ce, "So ne, ranka ya daɗe."

Mai gemu ya ce, "So tun zamanin kakana aka lulluɓe shi. Ba a bayyana gagara-hankali da ɗan'uwansa."

Na ce, "To aure ne. Haka matan aure suke."

Aka kira matan aure ashirin daga kasuwa aka karanta musu abin da Tasalla ke yi. Wata ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Wata ta ce a nuna mata mijin, tana so ta ga abin da ke jikinsa. Da aka nuna ni, ta ce lallai a ƙara wa matar nan ƙyalle na biyu.

Na ce, "To hauka ce!"

Sarkin Tukunya ya ce, "Mahaukaciya ba ta ɗinki a miƙe haka." Ruwa ya tafasa, aka kore ni.

Na fito da la'asar na zauna a ƙofar Gidan Gagara ina kuka kamar maraya. Kwana biyu ke nan ba ta sa ruwa a baki ba. Duduwa ta yi shara ta kewaye ni sau biyu, sannan ta tsaya ta ce, "Shekara arba'in ina share ƙasusuwa, na gaji. Saurara, kuma wannan karon ka bari in kai aya. Akwai ƙofa ɗaya a dokarmu. Abin da aka sami biyunsa ba gagara-hankali ba ne. Ranar da gida na farko ya tafi kogi an so a lulluɓe shi, sai na biyu ya bi shi, shi ke nan ya zama al'ada. Nemo wani mai yin abin da take yi."

Na tashi da gudu. Na bi gida-gida ina sallama ina tambaya ko akwai matar da ke ɗinke takalmin mijinta yana barci. A gida na uku aka watso mini ruwan wanke-wanke. A na bakwai aka biyo ni da taɓarya. Na dawo wurin Duduwa ina ɗingishi na ce babu irin matar nan a garinsu.

Ta ce, "Wa ya ce maka sai mace?"

Na daɗe ina kallonta kafin maganar ta shiga. Da ta shiga, na tafi gindin tsamiya na ɗauko ƙunshin Tasalla, wanda ban taɓa kwancewa ba. Dabarata mai sauƙi ce: in ɗauki takalminta in ɗinke a gaban dattawa, a ce mun zama biyu. Na zazzage ƙunshin. Ga basilla, ga zare, ga 'yar wuƙa, ga guntayen fata. Babu takalmi.

Na ɗauki wani guntu ja mai zanen ganye, na san shi. Na takalmin aurenta ne. Na juya nawa takalmin na duba ƙasansa, abin da ban taɓa yi ba, sai na ga fata a kan fata, faci a kan faci. Ga jan nan can ciki. Ga wata baƙa ta matashin da uwarta ta ba ta ranar da muka fito. Ga ta jakar kwallinta. Shekara goma sha tara ina tafiya a kan kayan matata.

Na koma Gidan Gagara na shiga layin masu durƙuso. Ƙyallen da aka rufa mata bai kai ƙasa ba, ƙafafunta suna waje. Da layi ya zo kaina na durƙusa kamar kowa, na duba. Faso ya tsattsage dugaduganta, wani har yatsa zai shiga. Farce biyu babu. Tafin ya yi kauri ya yi baƙi kamar gindin tukunya. Na ga dutse mai tafiya, na ga tekun toka, na ga mutum ya lulluɓa da kunnensa, amma ƙafar da ke tafiya a gefena ban taɓa kallonta ba sai ranar. Na kira sunanta a hankali, ba ta amsa ba. Na tsinci kara na gwada tsawon ƙafar daga nesa, tunda ba a taɓawa.

Rana ta uku da sassafe na tafi kogi da gora, gidaje suka kusa tattake ni. Na sami wasu mata na roƙe su surfe. Suka taru suna kallon namiji da taɓarya, suka ba ni curin fura ɗaya don dariyar da na ba su. Ban gutsura ba. Na wuce Zauren Tukunya na ce a ɗora ruwa, na kawo na biyun.

Sarkin Tukunya ya ce, "Ina yake?"

Na zauna a ƙasa, na tuɓe takalmina, na sa masa wuƙa.

Mai gemu ya ce, "Ai ba daidai ba ne. Ita tana yi ne bai sani ba."

Duduwa ta ce daga bakin ƙofa, "Matar ta suma tun hantsi. Ba ta san komai ba. Ku yi ta musu, in an jima sai in kawo tsintsiya."

Ban taɓa riƙe basilla ba. Yatsu goma sha biyu, babu ɗaya mai amfani. Na huda fata, na huda babban yatsana, na huda na shidan da nake taƙama da shi. Zare ya tsinke na ƙulla, ya sake tsinkewa. Jini ya ɓata fatar. Tukunya ta fara kuka. Na gama ƙafa ɗaya na kama ta biyu, gumi yana shiga idona, ba na ganin komai sai dugadugan nan.

Sarkin Tukunya ya sunkuyo ya ce, "Baƙo, ka yanka takalmin da ba ka da wani. Gabanka jeji ne. Matar ba ta gani ba, balle ta gode. Me ya sa kake yi?"

Da zare a bakina, raina a ɓace, na daka masa tsawa: "To wa zai yi?"

Murfin tukunya ya motsa sau ɗaya. Dattawa suka dubi juna.

Dattijon da ke hagun Sarkin Tukunya, wanda tun zuwana bai yi magana ba, ya ce, "Abin da ta faɗa ke nan."

Mai gemu ya ce, "To mu lulluɓe shi shi ma mana."

Sarkin Tukunya ya ce, "Doka ta ce biyu al'ada ne."

"Ko da wauta ce?"

"Yawancin al'ada ai haka take." Ya ɗaga ludayi ya buga. "Na al'ada ne. Ana yi."

Jama'a suka yi tsaki suka watse, makaɗa suka saɓa gangunansu. Ni kuwa ban tsaya jin sauran ba. Na ruga Gidan Gagara, na fizge ƙyallen, na ɗago kanta, na ɗiga mata ruwa a leɓe. Leɓen ya bushe ya farfashe. Na ɗiga, na ɗiga, ina kiran duk sunan Allah da na sani. Can maƙogwaronta ya motsa. Ta buɗe ido ta sha, ta huta, ta sake sha. Na dama mata furar da yatsa a murfin gora ta shanye. Sannan na ajiye takalman a gabanta.

Ta ɗauka ta jujjuya su. Ta daɗe tana kallon jar fatar, wadda na sa a sama inda za a gani. Ta ce, "Malam, duk biyun na ƙafar hagu ne."

Ta sa su a haka.

Muka kwana biyu a wurin Duduwa har ƙarfinta ya dawo, muka kama hanyar gida. A yau in mutanen Tungar Marke suka tambaye ni ko na sami abin da na fita nema, nakan ce a dokar Zarnakau dai ban samu ba, an buga ludayi an ce na al'ada ne. Dalilin kuwa har yanzu ban sani ba, nata ko nawa.

Ranar da muka fito daga Zarnakau, kafin mu ɓace wa ganuwar gari na taka ƙaya goma sha ɗaya. Ƙasa ta yi zafi kamar tanda. Ina tafe ina tsalle ina zagin duwatsu, inuwar mai daddawa tana tsalle a bayana, Tasalla tana gaba tana ɗingishi da takalman hagu biyu. Da rana ta take muka sami inuwar wani marke. Na kwanta, na rufe ido, na fara munshari irin wanda na saba. Amma ban yi barci ba.

Na ji ta jira har munsharin ya daidaita. Na ji ta kwance ƙunshi. Na buɗe ido kaɗan, sai na ga ta tuɓe takalman ta ɗora a cinya, ta tsinci kara tana gwada tafin ƙafata, 'yar wuƙar tana ɗaya hannun.

Na kama hannun.

Ta firgita, wuƙar ta faɗi. Muka dubi juna. Ta ce, "Malam, ashe kana farkawa?"

Na ce, "Mayar da takalminki. Miƙo gorar, ina ne rijiyar?"